Tarihin Hanyar Burodwe Da Yadda Aka Sake Rabonta

'Yan makaranta da yawa in aka ce musu tarihi, ba abin da ke faɗo musu a rai sai sarakuna da yaƙe-yaƙe, wane ya ci wane, wane ya gaji wane. Wannan kuwa sashe ɗaya ne kurum. Kasuwa tana da tarihi, rijiya tana da tarihi, hanyar da mutum ke takawa kowace safiya ita ma tana da nata, har wani lokaci ya kan fi na sarki tsawo, gama sarki ya kan ƙaura a naɗa wani, hanya tana nan ana binta.

Yau za mu ɗauki hanya guda ɗaya tak, mu bi labarinta na shekara wajen 400. Tana cikin birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, sunanta Burodwe, in kun neme ta a taswira za ku ga an rubuta Broadway. Abin da mu ke so ku lura da shi cikin labarin shi ne, faɗin hanya ƙasa ce mai iyaka kamar gona, kowane zamani kuwa akwai masu raba ta. Mai tafiya ƙasa yana son rabo, mai keke yana so, mai mota yana so. To, wa ke yin rabon, da wane mudu kuma ya ke awo?

ASALIN HANYAR

Tsakiyar birnin Niyu Yok bisa wani tsibiri ta ke, sunansa Manhatan. Dogo ne siriri, tsawonsa daga kudu zuwa arewa mil 13 ne da 'yan kai, faɗinsa kuwa ko inda ya fi faɗi bai kai mil biyu da rabi ba. Tun Turawa ba su zo ba, mutanen ƙasar na asali suna da wata turba wadda ta ratsa tsibirin a tsaye. Turba ce ta masu ƙafa, ba wanda ya auna ta da igiya, inda ta tarar da fadama ta kauce, inda ta tarar da dutse ta kewaye.

Wajen shekara ta 1625 mutanen Holan suka kafa ɗan gari a ƙarshen tsibirin ta kudu, suka sa masa suna Sabuwar Amsadam, suka faɗaɗa gindin turban nan ya zama babbar hanyar garinsu. A 1664 Ingilishi suka karɓe garin, suka sake masa suna Niyu Yok, domin girmama ƙanen Sarkin Ingila wanda ke riƙe da sarautar Yok. Hanyar kuwa aka dinga kiranta Burodwe, watau hanya mai faɗi.

Da gari ya fara cika yana matsawa arewa, sai hukuma ta naɗa mutum uku su tsara yadda za a yanka sauran tsibirin. A 1811 suka fito da taswirarsu. Suka ja manyan tituna 12 daga kudu zuwa arewa, suka ja layuka 155 daga gabas zuwa yamma suna gitta su, gari ya fito gida-gida kamar ramukan dara. Layukan lamba aka ba su maimakon suna, ana ƙidayawa daga kudu, kowane layi 20 kuwa mil ɗaya ke nan. Masu taswiran nan ba su yi niyyar barin tsohuwar hanya ta wuce layi na 23 ba, don karkatacciya ce, tana ɓata musu tsari. Amma jama'a ba su daina binta ba, har dai hukuma ta haƙura ta bar ta.

Ku riƙe wannan da kyau, gama shi ne mabuɗin labarin duka. Ku ɗauki takardar lissafi mai gida-gida, ku ja layi ɗaya a karkace daga sama zuwa ƙasa. Za ku ga duk inda layinku ya gitta layin da ke tsaye, akwai wani na kwance kusa, watau hanya uku sun haɗu wuri ɗaya, an kuma sami 'yan filaye masu kusurwa uku a tsakani. Haka Burodwe ta yi wa birnin. Inda ta gitta Babban Titi na Biyar aka sami Dandalin Madison, a layi na 23. Inda ta gitta na Shida aka sami Dandalin Herald, a layi na 34. Inda ta gitta na Bakwai, tsakanin layi na 42 da na 47, nan ne wurin da a ke kira Dandalin Times.

ZAMANIN DOKI DA KEKE

Cikin ƙarni na 19 Burodwe ta zama zuciyar gari. Manyan kantuna da masaukan baƙi da gidajen wasan kwaikwayo duk suka jeru a bakinta. A 1880 aka kafa mata fitilun lantarki daga layi na 14 zuwa Dandalin Madison, tana cikin hanyoyin farko na Amurka da suka sami haka.

Kada ku zaci zamanin nan lafiya lau a ke zaune. Karusai da amalanke sun cika hanya, ga ƙarar kofato bisa dutse, ga kashin doki da ƙudaje, dawaki kuma su kan firgita su tattake mutane. A 1893 aka kawo taragu masu tafiya bisa dogo, wata igiyar ƙarfe mai gudu a ƙarƙashin titi ita ke jansu. A layi na 14 akwai wata kwana inda taragun ke shan ta a guje, har mutanen gari suka yi mata laƙabi da kwanar matacce. Duk da haka, a al'ada da shari'a, hanya ta kowa ce. Mutum yana iya ƙetarewa inda ya ga dama, yara suna wasa a cikinta, masu talla suna kasa kayansu, wanda ya hau abin hawa shi ke da nauyin lura da wanda ke ƙasa.

Sa'an nan keke ya shigo. A 1885 aka ƙera a Ingila irin keken da mu ke hawa yau, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa, a 1888 kuma aka sami tayar da a ke hura wa iska. Kafin shekara goma maza da mata na Amurka sun rungumi keke. Tun 1880 mahayan suna da ƙungiyarsu ta ƙasa duka, babban kukansu kuwa shi ne a gyara hanyoyi, a daina barinsu cikin taɓo da ramuka. A 1894 aka buɗe wata hanya ta keke kaɗai a Burukilin, ƙetaren kogi daga Manhatan, ita ce ta farko a ƙasar. Ashe santsin titin da mai mota ke taƙama da shi, mai keke yana cikin waɗanda suka fara roƙonsa.

Dandalin Times kansa a zamanin nan unguwar masu ƙera karusa ce da masu bargar dawaki. A 1904 jaridar New York Times ta gina dogon gidanta a wurin, aka sa wa dandalin sunanta. Cikin shekaran nan kuma aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka yi masa tasha a dandalin, ya riƙa amayo mutane dubu-dubu a ƙasa. Tun daga ran nan yawancin waɗanda ke cikin dandalin da ƙafa su ke tafiya.

ZUWAN MOTA

A watan Satumba na 1899 wani mutum mai suna Henry Bliss ya sauko daga tarago a Niyu Yok, sai wata motar haya mai aiki da lantarki ta buge shi, washegari ya rasu. Shi ne mutum na farko da aka rubuta mota ta kashe a Amurka. A lokacin motoci kaɗan ne, kayan attajirai. Amma a 1908 Henry Ford ya fito da motarsa mai araha, kuɗinta ya yi ta sauka daga dala 850 har ya koma ƙasa da dala 300, zuwa ƙarshen 1927 an ƙera fiye da miliyan 15.

Mota ta zo da abin da doki ba shi da shi, watau nauyi da gudu a haɗe. Cikin shekaru goma na 1920 zuwa 1929 fiye da mutum 200,000 suka hallaka a hanyoyin Amurka. A cikin birane yawancin mamatan masu tafiya ƙasa ne, yara kuwa suna da yawa a cikinsu. Da fari jama'a direba su ke ɗora wa laifi, suna cewa baƙo ne ya shigo hanyar mutane da abin kisa. A birnin Sinsinati, a 1923, mutum 42,000 suka sa hannu a takarda suna neman a tilasta wa kowace mota ɗaukar wata na'ura wadda za ta hana ta wuce mil 25 a awa. Masu sayar da motoci suka tashi tsaye, suka kashe kuɗi wajen jawo ra'ayin mutane, da aka jefa ƙuri'a maganar ta faɗi.

Wannan ya farkar da masu cinikin mota ko'ina cikin ƙasar. Suka ga in ba su juya maganar ba, birane za su ɗaure wa mota ƙafa. Sai suka ɗauki wata kalma ta ba'a, ma'anarta tafiyar baƙauye, suka liƙa wa duk wanda ya ƙetare titi ba a mararraba ba. Aka buga ta a jaridu, aka sa 'yan sikawut suna miƙa wa mutane 'yan takardu a bakin titi, aka koya wa yara a makaranta cewa titi wurin mota ne. Daga ba'a sai abin ya zama doka. Birnin Los Anjalis ya kafa tasa a 1925, a 1928 Gwamnatin ƙasa ta fito da samfurin dokar hanya wanda birane da yawa suka kwafa, Niyu Yok kuma ta kafa tarar ƙetare titi a 1958. Cikin shekara talatin, wanda dā shi ne mai gida ya koma mai neman izini.

Ƙasar ma haka aka sake raba ta. Tun 1908 aka fara yanke dakalin masu ƙafa na Babban Titi na Biyar don a ƙara wa abin hawa fili. Daga 1936 aka fara cire taragun Burodwe ana sa bas. Cikin shekarun 1950 da 1960 aka mai da manyan titunan Manhatan masu hannu ɗaya, Burodwe a tsakiyar gari ta zama ta masu zuwa kudu kaɗai, domin motoci su riƙa kwarara kamar ruwa a lambatu.

Injiniyoyin da suka yi wannan ba mugaye ba ne, aikin da aka ba su suka yi. Mudun da aka miƙa musu shi ne, mota nawa ke wucewa cikin awa ɗaya. In da wannan mudu ka ke awo, to, tsohuwa mai ƙetare titi jinkiri ce, yaro mai keke cikas ne, bas mai ɗauke da mutum hamsin kuwa daidai ta ke da mota mai ɗauke da mutum ɗaya. Duk lissafin da aka yi da mudun nan amsa ɗaya ya kan bayar: a ƙara wa mota fili. Ana ƙarawa kuwa sai motoci su ƙaru su cika shi.

WAƊANDA SUKA FARA ƘI

Ba kowa ya yarda ba. Robert Moses, babban jami'in da ya gina manyan hanyoyi da gadoji masu yawa a birnin, ya so ya ratsa kudancin Manhatan da wata ƙatuwar hanyar mota, wadda za ta rushe gidajen iyali wajen dubu biyu. Mutanen unguwa suka haɗa kai suka ƙi, cikin shugabanninsu akwai wata marubuciya, Jane Jacobs. Ita ce ta riƙa nuna cewa ran gari yana ga masu tafiya a bakin titi, masu sayayya da gaisawa da sa ido a kan 'ya'yan maƙwabta. A 1969 aka soke aikin.

A 1980 aka yi wani yunƙuri domin masu keke. Magajin Garin lokacin, Ed Koch, ya ziyarci ƙasar Sin, ya ga dubban mutane suna zuwa aiki bisa keke, abin ya ba shi sha'awa. Da ya komo ya sa aka keɓe wa keke hanya da ɗan shinge a wasu manyan titunan tsakiyar gari. Direbobi suka yi ca, masu ƙafa da masu sauke kaya suka riƙa tsayawa cikin hanyar, masu keken kuma ba su cika ta ba. Bayan wata guda ko fiye kaɗan aka tumɓuke shingen. An yi abu mai kyau da gaggawa, ba a shirya mutane ba, ba a kuma tanadi hujjar da za a kare shi da ita ba. Aka shekara 27 kafin a sake gwada irinsa.

Dabarar da ta ci daga baya, daga ƙetaren teku ta zo. A Kofanhegan, babban birnin Danmak, akwai wata tsohuwar hanyar kantuna mai tsawon kilomita ɗaya da ɗan kai. A watan Nuwamba na 1962 hukumar birnin ta hana mota shiga cikinta, ta ce gwaji ne. Masu kantuna suka yi kuka cewa ciniki zai mutu, ga kuma sanyin ƙasar, wa zai yi yawo a waje? Sai ga mutane sun cika hanyar, a 1964 aka tabbatar da abin. Wani masanin gine-gine na birnin, Jan Gehl, ya ɗauki wata al'ada wadda ta zama aikinsa har tsufa. Ya kan tsaya a titi da takarda da fensir, shi da ɗalibansa, su ƙidaya mutane: nawa suka wuce, nawa suka tsaya, nawa suka zauna, ina yara, ina tsofaffi. Kowane birni yana da ma'aikata masu ƙidayar motoci, amma da wuya a sami mai ƙidayar mutane. Shi ya sake mudun.

ƘIDAYA DA GWAJI

A 2007 Magajin Garin Niyu Yok, Michael Bloomberg, ya naɗa wata mace, Janette Sadik-Khan, ta shugabanci ma'aikatar hanyoyin birnin. Ta gayyato Gehl da mutanensa suka yi ƙidaya. A Dandalin Times mutum fiye da 300,000 ke wucewa da ƙafa kowace rana. Aka tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na filin an ba abin hawa, alhali fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da ke ratsa wurin a ƙasa su ke. Dakalin gefe ya yi musu kaɗan, har suna zubowa cikin titi suna gogayya da motoci. Yawan waɗanda mota ke bugewa a wannan yanki na Burodwe ya fi ninkin na manyan titunan da ke kusa.

Ma'aikatar ba ta fara da dandalin ba, da ƙananan ayyuka ta fara. A 2007, a Babban Titi na Tara, ta yi wata dabara mai sauƙi: motocin da ke ajiye a bakin titi aka matsar da su ciki kaɗan, aka bar wa keke hanya tsakaninsu da dakalin masu ƙafa, motocin da ke ajiye suka zama garkuwa ga mai keke. A 2008 aka ɗauki rabin faɗin Burodwe daga layi na 42 zuwa na 35, aka yi hanyar keke da wurin zama. Kayan aikin duka fenti ne da tsakuwa da tukwanen furanni.

Yanzu ku tuna da layin nan da kuka ja a karkace. A mararraba mai hanya biyu, fitilar ba da hannu, wadda a ke kira danja, gida biyu ta ke raba lokacinta. A ce tana kewayowa cikin daƙiƙa 90, kowace hanya ta sami 45. In hanya uku suka haɗu, dole a raba gida uku, kowace ta sami 30 kurum, sauran 60 tana jira. Injiniyoyin ma'aikatar suka ga ashe Burodwe ita ce ke shaƙe Titi na Shida da na Bakwai a duk inda ta gitta su. In aka cire motocinta daga mararraban nan, lokacin da ta ke ci ya koma ga sauran biyun. Watau rufe hanya ɗaya yana iya sa motoci su fi sauri. Wannan ita ce hujjar da Koch bai samu ba, gama ta ba direba ma rabonsa cikin gyaran.

A ƙarshen watan Mayu na 2009 aka jera durom-durom na roba, aka rufe Burodwe ga motoci daga layi na 47 zuwa na 42, da kuma daga na 35 zuwa na 33 a Dandalin Herald. Layukan da ke gittawa aka bar su a buɗe, Titi na Bakwai aka ƙara masa fili, arewa da dandalin kuma aka rage faɗin Burodwe aka keɓe wa keke hanya. Magajin Gari ya faɗa a fili cewa gwaji ne na 'yan watanni, in bai yi ba za a kwashe durom a koma yadda a ke.

Kujerun da aka yi oda ba su iso da wuri ba, sai ƙungiyar 'yan kasuwar dandalin ta sayo kujerun shan iska masu naɗewa guda 376, masu araha, ta baza su a tsakiyar kwalta. Kafin a jima kowace ta sami mai zama. Wasu jaridu suka yi ta ba'a, direbobin tasi da yawa suka yi gunaguni, wasu 'yan kasuwa suka ji tsoron ciniki zai ragu. Ma'aikatar ba ta tsaya musu ba, awo ta shiga yi. Tasi 13,000 na birnin kowace tana ɗauke da na'ura mai nuna inda ta ke da lokacin da ta ci a hanya, aka tattara labarin tafiya fiye da miliyan ɗaya, aka gwada kakar 2008 da kakar 2009.

Ga abin da aka samu. Raunukan masu tafiya ƙasa sun ragu da kashi 35 cikin ɗari. Raunukan direbobi da fasinjoji sun ragu da kashi 63. Masu zubowa cikin titi a Dandalin Times sun ragu da kashi 80, masu zuwa dandalin da ƙafa kuwa sun ƙaru da kashi 11. Gudun motoci masu zuwa arewa a wannan sashe na gari ya ƙaru da kashi 17, amma na masu zuwa kudu ya ragu da kashi 2, saurin duka bai kai yadda ma'aikatar ta yi alkawari ba. Ku lura da lambar nan ta 63. Waɗanda suka fi kowa kuka da gyaran, su ne jikinsu ya fi kowa tsira. A watan Fabrairu na 2010 Bloomberg ya ce gyaran ya zauna.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Sai bayan an tabbata sa'an nan aka kashe kuɗi. Aka ba wani kamfanin masu zanen gini na ƙasar Nowe, Snøhetta, aikin mai da fenti ya zama dutse. Aka daidaita kwalta da dakali suka zama daɓe ɗaya, aka kafa dogayen bencina goma na dutse, aikin ya ci dala miliyan 55, aka yi bikin gamawa a 2017. Kafin ƙarshen 2013 birnin ya ƙara kusan mil 400 na hanyar keke, a shekaran nan kuma aka fara kekunan haya na Citi Bike da keke 6,000.

Amma fili in ya samu, masu so su kan yi yawa. Wasu mutane suka riƙa sa kayan dodanni na wasan yara, suna tare baƙi su ɗauki hoto tare, sa'an nan su matsa musu sai sun biya. Ƙara ta yi yawa, har a 2015 Magajin Garin da ya gaji Bloomberg, Bill de Blasio, da shugaban 'yan sandansa suka ce suna duba ko a fasa dandalin a mai da motoci. Jama'a suka ƙi, har da 'yan kasuwar wurin. A 2016 aka shata wa masu wasan wuraren tsayawa da fenti, aka bar wa masu wucewa hanyarsu. Wani haɗari kuma ya fito ta wata fuska. A watan Mayu na 2017 wani mutum ya hau dakalin masu ƙafa da mota a dandalin, ya kashe mutum ɗaya, ya raunata wajen 20, ba abin da ya tsai da motar sai turakun ƙarfe da aka kafa. Bayan haka aka ƙara turaku a wurare da yawa.

Gyaran bai tsaya nan ba. A 2023 aka sake tsara Burodwe tsakanin Dandalin Madison da na Herald, wani wuri na masu ƙafa da keke, wani wuri kuma mota tana shiga ta sauke kaya ko fasinja, amma a hankali. A 2024 majalisar birnin ta soke tarar ƙetare titi wadda aka kafa a 1958.

To, kun ga hanya ɗaya an raba ta sau da yawa. Dā ta masu ƙafa ce, ta zama ta doki da tarago da keke, ta koma ta mota, yanzu ana neman kowa ya sami gwargwadon haƙƙinsa. Ba ɗaya daga cikin rabon nan da ya faɗo daga sama, mutane ne suka zauna suka yanke, mutane kuma suka warware. Ba a kori mota daga Manhatan ba, ba kuwa za a iya ba, gama mara lafiya yana bukatarta, kantuna suna bukatar kaya. Abin da aka daina shi ne auna hanya da ita kaɗai.

Cikinku akwai waɗanda za su zama injiniyoyi, da ma'aikatan hukuma, da wakilan majalisar gari, wata rana za a shimfiɗa taswirar wata hanya a gabanku a ce ku sa hannu. Ran nan ku tambaya wa aka ƙidaya, wa aka manta. Ku tambaya ko ana iya gwadawa da fenti da durom kafin a zuba siminti, domin fenti ana goge shi, siminti kuwa sai da guduma. Ba sai kun jira ran nan ba ma. Wannan mako ku je babbar hanyar garinku ku biyu ko uku, ku tsaya a gefe inda ba haɗari, ku yi minti 15 kuna ƙidaya, ɗaya ya riƙe masu ƙafa, ɗaya masu keke da babur, ɗaya motoci. Sa'an nan ku kimanta faɗin da aka ba kowane, ku rubuta lambobin gefe da gefe, ku kai wa malaminku na lissafi. Gani ya kori ji.